Kujerar Zuwa China

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma nan lafiya lau. Malam Inuwa yana nan da gadinsa a Sharada, ni kuma ina kamfanin takalman roba na Challawa, inda kika bar ni. Na zaɓi rubutu ne domin in a waya ne kuka zai hana ni kaiwa ƙarshe, ga shi kin san halinki, ba kya bari mutum ya dire magana.

Maganar 'yarki ce. Ke kika goya ta tun daga yaye har ta shekara goma, kin fi ni sanin kanta. Bara masu kamfaninmu, 'yan China, suka buɗe wa 'ya'yan ma'aikata 'yan babbar sakandare ajin tarihin ƙasarsu ranar Asabar, Malam Ashafa yana koyarwa. Suka ce wanda ya fi kowa za a haɗa shi da ɗaliban wasu kamfanoni a hutun nan, a kai su su ga wuraren da aka yi juyin juya halin China da idonsu. Yaya, yarinyar nan ta hana mu sakat. Ina tuƙa tuwo tana ba ni labarin Doguwar Tafiya, yadda mayaƙa suka taka dubban kilomita a ƙafa, suka haye duwatsu masu ƙanƙara da takalman ciyawa, daga baya suka zauna cikin kogunan da aka haƙa a jikin tuddai a wani gari wai Yan'an. Har tsokanarta nake yi, in ce da sun biyo ta Challawa da mun ba su silifa.

Da aka yi jarrabawa sai suka yi kunnen doki da Salama, 'yar Hannatu ta Kafanchan, wadda muke jera takalmi a kwali tare. Kujera kuwa ɗaya ce. Manaja ya tara mu a ofis, da yaran, da Malam Ashafa, da tafinta, da shugabannin sashe, cikinsu har da baffan Malam Inuwa. Ya ce kowace uwa ta faɗi abin da ya sa 'yarta ta cancanta. Hannatu ta yabi tata yadda ya kamata, ban ga laifinta ba. Da aka zo kaina, Yaya, 'yar fari, ga surukina zaune! Ko sunanta ban taɓa kamawa ba, yaya zan yi in buɗe baki in yabe ta? Na sunkuyar da kai na ce yarinya ce dai kamar kowa, ba ta san komai ba, Salama ta fi ta hankali, a ba Salama. Wallahi na ɗauka duk wanda yake wurin ya san kara nake yi, wani zai karɓe maganar ya yabe ta a madadina, kamar yadda ake yi a gida. Baffa har kai ya gyaɗa don jin daɗin tarbiyyata. Tafinta kuwa ya juya zancena tas, bai rage komai ba. Manaja ya gode mini, ya ce samun uwa mai gaskiya irina sai an tona, ya ba Salama.

Malam Ashafa ya so ya gyara, aka ce uwa ta fi malami sanin 'yarta. Washegari Hannatu ta same ni da hawaye, muka koma wurin manaja tare don a gyara, aka ce suna ya riga ya tafi. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zare ta da hannuna.

Da 'yar taki ta yi fushi da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Kullum da yamma tana gidan su Salama tana nuna mata hanyar da mayaƙan suka bi a taswira, wai don kada a ce 'yan Kano ba su sani ba. A gida kuwa ta daina ba ni labari, ina girki shiru kamar gidan makoki. Shekaranjiya ta durƙusa ta ce tana roƙon a bar ta ta ƙarasa makaranta a wurinki a Damagaram. Na tambaye ta dalili, ta ce ta san kunya ce, ba ta riƙe ni ba, amma ta kalli fuskata a ofishin nan tana jira, ban ɗago ba. Na so in ce mata duk ajin babu kamarta. Harshena ya ƙi, sai na ce ta duba miya.

Mahaifinta ya amince ta zo hutu, ranar Asabar zan sa ta a mota. Ki gaya mata abin da na kasa faɗa, ki ce daga bakina ya fito. In kuma ta ce za ta zauna, na san gidanki gidanta ne, amma don Allah Yaya kada ki yi mini kara, kada ki yi mata. Ki dawo mini da ita. Sau ɗaya na ba ki ita da daɗin rai, wannan karon ba zan iya ba.

Ki gaida Alhaji Idrisu, da Firdausi da jaririnta, da Abdulbaƙi. Hannatu ma ta ce a gaishe ki.

Ƙanwarki,
Badi'a