Hannun Mama a Haɓata

Khon Kaen, 4 ga Yuni

Yaya Wanphen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin masana'anta a can Taiwan. Ya ciwon bayan?

Kin ce in ba ki labarin likita, to ga shi. Zancen wuƙa dai na ce mata a kai kasuwa, ni da ko yankan kaza ba na iya kallo. Ta ce akwai hanya ba tiyata. Ta yi mini allura a muƙamuƙi don naman wajen ya saki, fuskar ta rage faɗi, ta ƙara wata ta ɗan cika mini kumatu. Ba sa dawwama, sai an riƙa sabuntawa.

Gemu ne aikin. Hasken da suke ƙona gashi da shi baƙi kawai yake kamawa, ni kuwa a shekara arba'in da shida rabi furfura ce. Sai dai allurar lantarki, gashi ɗaya bayan ɗaya, wajen wata mata Ratri. Sharaɗinta in daina aski kwana uku kafin in zo, don ta sami abin kamawa. Ki ji fa, mai son rabuwa da gemu sai ta fara tara shi! A shagon maganin da nake aiki da takunkumi nake fakewa, kowa na yi mini sannu da mura.

Mama tana nan yadda kika bar ta. Tana cin shinkafarta, tana gaishe ni da ladabi, sannan ta tambayi Inna Bunmi mai kula da ita wace ce wannan baƙuwar. Shekara guda ke nan.

Ƙanwarki,
Lamduan

Khon Kaen, 16 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kin sami sauƙi.

Ratri ta mai da ranata Litinin, don haka ran Lahadi na je ƙauye wajen Mama da gashin kwana biyu. Ina yanke wa Mama farce zafi ya ishe ni, na cire takunkumi. Sai ta miƙo hannu ta shafa haɓata, ta ce, "Tui, ja'iri, haka za ka fita ba aski? Bari ubanka ya gan ka!" Ta tambaye ni ko na ci abinci, ta sa Inna ta daka mini kwaɗon gwanda ba barkono da yawa, wai cikina ba ya so. Har la'asar tana riƙe da hannuna.

Kin san shekara ashirin ba wanda ya isa ya kira ni da sunan nan nawa na da, na ɗa namiji. Kin kuma san Mama ce ta fara ce mini Lamduan, ita ta wanke maƙwabta tas da suka ƙi. Ciwon mantuwar ya cinye waɗannan shekarun duka, ya bar mata ɗanta kawai. Na amsa, Yaya. Na ji zafi, na ji daɗi, kuma a mota na yi kuka har gari.

Lahadin da ta biyo na je a aske don in gwada. Na koma baƙuwa.

Taki,
Lamduan

Khon Kaen, 9 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na karanta sau uku.

Kin ce kada in mai da kaina baya saboda wadda gobe ma za ta manta. Gaskiyarki, ban musa ba. Amma ke kina kiran waya ta gane muryarki. Ni muryar ma na sauya ta tuntuni.

Ratri ta gama kumatu da saman leɓe, sun yi sumul, har madubi ya daina ba ni haushi. Saura haɓa, kuma abin da allurarta ta cire ba ya dawowa. Jiya na ce mata ta dakata. Ta ajiye allura ta ce, "Ke 'yar uwa, wata shida kina cije haƙori a gadon nan, sai da aski ya zo gaban goshi?" Na gaya mata dalili. Sai ta goge sunana daga Litinin.

Yanzu daga Juma'a nake barin aski, in sa takunkumi, Lahadi in je in zama Tui na yini guda. Ban san tsawon lokacin da zan yi a haka ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne na san ranar da zan koma wajen Ratri, ranar da babu Mama, kuma ba na son ranar ta zo.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lamduan