Fitilun da Suka Mutu a Zakirai

Zuwa ga ƙanwata Tahira,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa Kano lafiya. Inna tana gaishe ki. Na ba Khalilu direba takardar nan, tunda kin ce ana karɓe muku waya a bakin ƙofar masana'anta.

Fitilun sola da muka sayar wa Malam Iliyasu don makarantar matan aure sun mutu. Ko an yi musu caji, kafin a gama karatu sun dushe. Ya kai ƙara wajen mai unguwa cewa jabu na sayar masa, maganar kuma ta shiga kasuwa. Tunda kamfani ya kai ku kwas inda ake haɗa su, ki buɗe ido. Na tabbata daga can aka lalata kayan.

Yayanki,
Abdulmumini

Zuwa ga Yaya Abdulmumini,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da mutanen gida.

Mu masu talla an tara mu daga ƙananan hukumomi da dama. Injiniya Raudatu, wadda take koyar da mu, ta ce ba wanda zai ƙara sayar da fitila sai ya haɗa guda da hannunsa. Na ga yadda ake jera ƙananan kayan a kan allo, a liƙe su da dalma, a saka batir, sannan a bar kowace fitila a kunne a ɗakin gwaji kafin ta shiga kwali. Tawa sai da aka kwance ta, don na haɗa wayoyin wutar a juye.

Na ba ta labarin fitilunmu. Ba ta tambayi lambar kwali ba, sai ta tambaye ni inda muke ajiye kaya. Na ce a shagonmu, a kan kanta ta sama, dab da rufin kwano, tun bazara. Ta ce irin wannan batir, idan ya daɗe cikin zafi babu caji, yakan mutu tun ba a kunna shi ba. Ba jabu ba ne, Yaya. Ajiyarmu ce.

Ta kuma yi mini tayin in zauna bayan kwas, in riƙa taya ta koyar da sababbin masu talla. Ban ba ta amsa ba.

Ƙanwarka,
Tahira

Tahira,

Bayan gaisuwa. Na karanta. Kwanon nan Baba ne ya rufa shi, a ƙarƙashinsa ya sayar da rediyo da tocila har ya rasu, ba wanda ya taɓa kai shi ƙara.

Mai unguwa ya sa zama ranar Asabar bayan la'asar. Ki zo da shaidar kwas ɗinki, ki gaya musu kayan na kamfani ne, ba jabu ba. Wannan gaskiya ce. Maganar kanta da kwano kuwa ta cikin gida ce, ba sai an kai ta ƙofar mai unguwa ba.

Abdulmumini

Yaya,

Ina gaisuwa. Zan zo ranar Asabar, an ba ni izini.

Idan na tsaya a kan cewa ba jabu ba ne, Malam Iliyasu zai tambaye ni abin da ya kashe su, kuma matan da ke karatu a makarantar ƙawayena ne, ni na kai musu tallar. Duk abin da aka tambaye ni zan faɗa yadda na gani. Zan kuma faɗa cewa ni ce na jera kwalayen a can sama, kuma babu wanda ya taɓa yi mana bayani sai yanzu. Zan taho da na'urar gwada batir, a gwada a gaban kowa. Kafin nan ka sauke sauran kayan, ka kai su soron Inna, ya fi sanyi.

Allah Ya bar zumunci.

Tahira

Tahira,

Assalamu alaikum. Kin tafi ba mu yi sallama ba, ina gona.

Na sauya wa Malam Iliyasu fitilunsa kamar yadda aka yanke a zaman mai unguwa, bayan kin gwada su a gaban kowa. Ya daina cewa jabu, amma bai ƙara zama a bencin shago ba. Kayan suna soro.

Jiya wasu mata daga ƙauyukan gabas suka zo sayen fitila. Na ɗauko musu, suka ce sai mai na'urar nan ta gwada tukuna. Suka tambaye ni yaushe za ki dawo. Na ce ban sani ba.

Za su sake zuwa ranar kasuwa. Ki aiko mini da abin da zan gaya musu.

Yayanki,
Abdulmumini