Hannun Baƙo Zai Kai Ni Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Nasiru, wanda na ji yanzu ana ce wa kyaftin. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, a duk garin da masu kuɗi suka ajiye ka yau. Mu nan Bungudu lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ka san ban yi boko ba. Yayarka Rabi ce ta zo daga Gusau, ina faɗa tana rubutawa. Ta ce za ta mai da maganata Hausar littafi, na ce ta mai da, amma kada ta rage mata kaifi. Na kuma ce ta sa ta a waya inda kowa zai karanta. In na kira ka, ko dai kana sama, ko kana jiran wani Alhaji ya gama cin abinci. Kuma rantsuwar da zan yi magana a kanta a gaban mutane na yi ta, don haka a gaban mutane zan kwance ta.

Ba ka manta ta ba. Ranar da ka zo gida da farar riga, babban kamfanin da ke jigilar alhazai ya ɗauke ka mataimakin matuƙi, na tashi a majalisar ƙofar masallaci na ce wallahi ƙafata ba za ta taka jirgi ba sai wanda kake gabansa, kuma shi zai kai ni Makka ni da uwarka. Mutane suka yi kabbara. Tun daga ranar nan sa'o'ina suka yi ta tafiya suna dawowa da haƙorin Makka, wanda na koya wa riƙe sitiyari ma ya zama Alhaji, ni ina nan Garba Direba. Ban damu ba. Nakan ce musu ku baƙi suka kai ku, ni jinina zai kai ni.

Sai ga shi ana saura 'yan watanni a fara jigila, shekarar da ka ce an sa sunanka cikin masu kai alhazai, ka zo ka zauna a zaure kana murza hula, ka ce ka ajiye aikin. Wai ka koma kamfanin jiragen shata.

Na saurari bayaninka har ƙarshe, kada ka ce ban saurara ba. Ka ce a babban kamfani layi ya yi tsawo, mutum sai ya yi furfura a kujerar dama kafin a ba shi ta hagu, ta kyaftin. Ka ce ba a ba mutum babban jirgi sai ya tara awoyi yana shugaba, ba mataimaki ba. Ka ce a wajen masu shata yau-yau za su ɗora ka a hagu, ka tara awoyinka a ƙaramin jirgi, bayan 'yan shekaru ka dawo babba da girmanka. Ka ce haka duk masu wayo ke yi.

Ni kake gaya wa layi, Nasiru? Ni da na tsufa a tasha?

Ina yaro aka kai ni wurin maigidana a Sabon Garin Gusau, mai roka, babbar motar lodi. Na wanke mota, na kwana a saman buhuna, na yi gudu da weji a hannu a hawan Kwatarkwashi don kada mota ta koma da baya. Na iya tuƙi tun gemuna bai fito ba, shi ma ya san na iya. Bai ba ni makulli ba. Na yi aure ina karen mota. Aka haifi Rabi ina karen mota. Sai ranar da ya ga dama ya tara mutanen tasha, aka raba goro, aka yi fatiha, ya sa makulli a tafin hannuna ya rufe da nasa. Wannan shi ne yaye. Direba ba ya yaye kansa.

A zamaninmu an yi wani Sule da ya gaji da jira. Ya bar maigidansa ya je ya karɓi wata akwalar tasi don dai a ce masa direba. An ce masa. Amma har ya mutu sunansa a tasha Sule Ɗanye, kuma ba mai ba shi amanar lodi mai nauyi. Da kake yi mini lissafin awoyinka, fuskar Sule nake gani.

To ga shi ka samu hagun. An ce har zane aka ƙara maka a kafaɗa. Rabi ta nuna mini hoton jirgin, na ce ta matso da shi don ban gan shi ba. Rokata ta fi shi ɗaukar mutane. Maimakon ka ɗauki ɗaruruwan bayin Allah zuwa ɗakin Allah, yanzu kana ɗaukar mutum ɗaya da abokan hirarsa zuwa ɗaurin aure. Ka tsaya a gindin matakala kana yi masa sannu da zuwa. In ya ce a tashi a tashi, in ya ce barci yake ji a jira. Mu a tasha mun san wannan aikin, direban gida muke ce masa. Bambancinku da shi, shi in uwarsa ta kwanta ciwo yakan samu ya leƙo.

Ka ce mini, "Baba, ka yi kaffara ka kai Inna bana, in na dawo babban jirgi sai in sake kai ku." Na ce ban yi ba. Ban taɓa saɓa maganata ba, ba a kanka zan fara ba.

Uwarka kuwa ta riga ta gama shiri. Ta daka yaji ta ɗura a gwangwani, ta tankaɗe kuka, ta sa an ɗinka mata fararen kaya. Har ta je Wanke ta yi sallama da danginta, ta nemi gafarar kowa. Da ta ji an fasa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki jakar ta tura ƙarƙashin gado. 'Yan'uwanta suka ce ta bi ƙanenta ta tafi, ta ce ba ta zuwa ta bar ni. Abin da kawai ta ce shi ne, "Kai da ɗanka dutse biyu ne, ni ce tsabar da ke tsakani."

Da damina ta kama sai ta kwanta ciwo. Aka kira ka, ka ce kana wata ƙasa, mai jirgi bai gama abin da ya kai shi ba, kuma ba wani kyaftin da zai karɓe ka, don kamfanin ƙarami ne. Ka ce gobe. Goben ta zo ka ce jibi. A babban kamfanin da ka raina ai da mutum ya karɓe ka, mataimaka sun yi yawa, kai da bakinka ka faɗa. Amma ka zama shugaba, shugaba ba ya motsi.

Ka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na san ka ji zafin abin da na yi maka a zaman makoki, da ka zo za ka zauna kusa da ni na ce a shimfiɗa maka tabarma can wajen baƙi. Da gangan na yi. Ba ka tambaye ni ko ta ambace ka ba, ni ma ban gaya maka ba. To ta ambace ka. Duk jirgin da ya ratsa ta saman gida sai ta buɗe ido ta ce a duba ko kai ne. Yajin nan da ta daka, shi aka ci da tuwon sadakar uku. Kai ma ka ci.

Na san abin da mutane ke faɗa a bayana, har Rabi da ke rubutun nan ta ɗaga kai ta kalle ni. Suna cewa ni na hana ta, da na yi kaffara da ta mutu Hajiya. Su faɗa. Ni na yi rantsuwa a kan abin da ke tsaye, kai ka janye shi daga ƙarƙashina. In mutum ya jingina da bango bangon ya gusa, ba a tambayar wanda ya faɗi.

Bayan an yi arba'in sai ka zo da wata dabara. Wai jirginku zai sauke wani a Sakkwato ya koma Abuja fanko, ka roƙi manya sun yarda in shiga, ka tuƙa ni, rantsuwa ta cika, daga nan in bi kowane jirgi zuwa Makka. Ka faɗa kana murmushi kamar ka kawo mini tsaraba. Nasiru, ni na san mota mai komowa fanko. A cikinta muke rage wa mahaukata da masu tsintar kara hanya. Na yi rantsuwa a kan Makka, za ka biya ni da Abuja, a kujerar da wani ya bari da ɗumi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta maka. Idona na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Likita a Gusau ya ce in ina da inda nake son gani in hanzarta. Shekarun da ka ce in jira, ba ni da su. Na je wurin liman, ya ce ciyar da miskinai goma ne. Na ciyar da su ranar Juma'a, a ƙofar masallacin da na yi rantsuwar, kuma duk wanda na miƙa wa kwano na gaya masa dalili. An rubuta sunana cikin alhazan bana. Kamfanin da ka bari shi zai ɗauke mu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma ba don ka ji daɗi zan faɗa ba. Kana tuna lokacin da nake koya maka mota a hanyar Tsafe, in ka finciki giya in buge hannunka? Wata rana muna dawowa da lodin dawa, rana ta take, na miƙa maka sitiyari na jingina. Ban farka ba sai a Gusau. Tun da aka yaye ni ban taɓa runtsawa a motar da wani ke tuƙawa ba, sai ranar nan. Hannunka ya fi nawa taushi. Na ga haka tun kana yaro, na yi shiru don kada kanka ya kumbura.

Mutane sun ɗauka alfahari ne ya sa ni rantsuwa. Akwai shi. Amma ni tsoron jirgi nake ji, Nasiru. Mota in ta mutu sai ka sauka ka buɗe gabanta. Na san direbobi, na san yadda barci ke satar su, na san wanda ke tuƙi da fushin gida a cikinsa. Hannu ɗaya na yarda da shi a duniya ya ɗaga ni sama, shi ne wanda na buga har ya gyaru. Ka ɗauke shi ka kai wa masu biki haya.

Don haka zan shiga. Zan zauna inda aka nuna mini, in ɗaura abin da aka ce in ɗaura, wani ɗan mutane da ban san ubansa ba ya ja ƙofa ya rufe. Kada ka zo rakiya filin jirgi, kada ka aiko da guzuri. In na isa zan yi wa uwarka ɗawafi in roƙa mata abin da ta rasa. In kuma ban isa ba, ka san wanda ya miƙa ni.

Allah ya jiƙan Innarka, ya ba ta ladan niyyarta. Kai kuma Allah ya tsare tashinka da saukarka, ya hana iska cin amanarka, ya cika maka awoyin nan da ka saya da tsada. Allah ya kai ka babban jirgin da kake nema, ka ɗauki iyayen wasu ka kai su lafiya. Allah ya ba ka ɗa mai hannu irin naka, ya kuma ba ka tsawon ran da za ka jira shi.

Wassalam.

Ni ne ubanka,
Garba Direba, Bungudu.