Ranar da Na Ce wa Dattijo A'a

Zuwa ga malamina, Baba Likita,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, yau ɗalibata za ta ba da shaida a kotu karo na farko. Tun safe take cikin fargaba, ni kuwa sai tuna shari'ar Modu nake yi, mahaucin nan na Kasuwar Shanu.

Ciwonsa na taɓin hankali ya tashi, ya daɓa wa maƙwabcinsa wuƙa, mutumin ya cika. Kai ka yi shekaru kana duba shi, amma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai, aka ce ni ƙaramar likita zan tsaya. In alƙali bai yarda taɓin hankali ba ne, rataye shi za a yi.

Ka kira ni zaurenka a Moduganari, ka zama kamar lauya don ka gwada ni, bakinka a karkace. Duk abin da ka faɗa sai in sunkuyar da kai in ce haka ne. A gidanmu ba a musu da babba, yaya zan ƙaryata ka? Ka buga sandarka a ƙasa ka ce, "Saratu, wannan ladabin naki shi zai kashe Modu." Haka muka yi ta yi, kana zuba ƙarya da gangan har sai na musa. Ban san ka iya ƙarya haka ba, Baba.

A kotu lauyan gwamnati ya miƙe, furfura fal, sa'an mahaifina. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni 'yarsa, ya ce ai mutumin da ba ya wasa da sallah, yake fiɗa bai taɓa yanke yatsa ba, hankalinsa lafiya lau, ko ba haka ba?

Na ji kaina yana sunkuyawa ba da sona ba. Uwar Modu tana zaune a bayana, ina jin ƙarar carbinta.

Na ɗago, na dube shi, na ce a'a, ranka ya daɗe. Sannan na juya ga alƙali na yi bayani sannu a hankali, yadda ka koya mini.

Ranar da aka yanke hukuncin mai da Modu asibiti, na zo da gudu in gaya maka. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an dawo daga kai ka maƙabarta. Har yau abin yana ci mini rai. Ba a rataye shi ba, Baba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alheri.

Taka har kullum,
Saratu