Ƙaryar Da Na Yi Wa Likita

Laraba da dare, unguwar Asata

Yau na yi zaman farko da likitar masu damuwa ta intanet. Ƙarfe huɗu da rabi na shige siton Baba a kasuwar Ogbete, tsakanin buhunan wake, don kada a ji ni. Da kaina na zaɓi mai jin Hausa. Sai ga dattijuwa a allon waya, sa'ar Inna.

"Sannu Nasiru, ya jiki?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. "Lafiya lau, Hajiya, alhamdu lillahi."

Minti arba'in da biyar ina ta gaishe-gaishe. Ban ambaci rashin barci ba, balle aikin da na samu a Fatakwal, alhali Baba ni yake jira in karɓi shago.

Ta ce, "Ɗana, mai lafiya lau ne ke ɓuya cikin wake?"

Na yi dariya, na ce zafi ne a waje. Kai, Nasiru!

Ranar Juma'a kamfanin da ya ba ni aikin ke son amsata, kuma Baba bai sani ba. Bayan isha'i na rubuta mata: "Hajiya, ƙarya na yi miki. Kwana goma sha ɗaya ke nan ban yi barcin kirki ba."

Ta amsa tun ɗazu. Har yanzu kunya ta hana ni buɗewa.