Gashin da Ke Cikin Bango

Ahuac, farkon watan Yuni

Zuwa ga tsohuwata Eulalia,

Gaisuwa mai yawa daga ni da duk wani mai numfashi a gidan nan. Ya jiki? Ruwan maganin da suke ƙara miki har yanzu yana hana ki cin abinci? Ya Delfinarmu da mijinta da hayaniyar Lima? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Raɓa na daskarewa a kan ciyawa, sai na shanya ta rana ta dake ta kafin in zuba wa ɓerayen masar, kamar yadda kika yi ta ja mini kunne.

'Ya'yan nan uku da macen ɓeranki mai dogon gashi ta haifa ana jibi za ki tafi sun girma. Kin san ra'ayina a kan irin nan tun ranar da kika sayo uwarsu a kasuwar Chupaca: ɓeran masar na tukunya ne, waɗannan kuwa in aka cire gashin ba abin da zai rage sai kuka. To gashin ya sauko yana sharar ƙasa, ya kwashi toka da kashi ya dunƙule, ba a gane gaba balle baya. Jiya na ga ɗaya yana jan ƙafa saboda ƙullin da ya ɗaure masa cinya. Sai na ɗauko almakashin tumaki na yi masa abin da na iya.

Ina gamawa sai ga ƙawarki Basilia ta shigo aron gishiri. Ta dafe ƙirji ta ce, "Nemesio, wannan ɓera ne ko dankalin da aka fere? Tunkiya aka ce maka? Ajiye almakashin nan kafin in kai ƙararka Lima!" Na ce mata ta huta, ni zan kai da kaina. Ga shi na kawo. Yanzu yana kwana cikin tsohuwar hulata ta ulu, yana rawar ɗari yana harara ta. Na sa masa suna Mai Sanƙo.

Ina hawa tudun coci inda waya ke kamawa, kullum Delfina sai ta ce kina barci. Ke da rana ba ta taɓa riga ki tashi ba tun da na aure ki? Shi ya sa na koma takarda. Direba Hilario zai ba ki ita tare da cuku da gasasshiyar masara. Ki ci ko kaɗan ne.

Naki, mai kewar faɗanki,
Nemesio

Ahuac, ƙarshen Yuni

Eulalia tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida jikin. Delfina ta ce likita ya yi murna da abin da ya gani, kuma an gama ƙarin ruwan. Na je coci na kunna kyandir.

Ta kuma faɗa mini sauran, kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce maganin ya zubar miki da gashi duka, kin ce ba za ki tako Ahuac ba sai kitsonki ya dawo ko da shekara uku zai ɗauka, kuma kin ce a ba Basilia ɓerayen. Na san abin da kike gudu. Tun muna yara mun san ɓarauniya ake yanke wa kitso a garin nan, na kuma san bakin matan da ke zama a ƙofar kanti. Amma shekara uku, Eulalia? Ki dubi shekaruna. Wa ya ba mu tabbacin uku?

Ɓeraye kam ban bayar ba. Na ce wa Basilia ta koya mini yadda ake yi musu wanka da taje gashi. Ta ce, "Kai? Da hannun nan naka kamar garma?" Amma ta zo.

Ashe abin da tsari. Sai rana ta take tsaka, a rufe ƙofa saboda iska. Ruwan mai ɗumi, a gwada da gwiwar hannu, kada ya wuce cikinsu. Na goga saiwar nan da kike wanke ulu da ita har ta yi kumfa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, babban yatsa yana tare kunne, don in ruwa ya shiga shi ke nan. Kuka kuwa kamar ana yanka su, uwarsu na amsawa daga ƙarƙashin murhu. Daga nan a naɗe su a tsohon mayafinki kusa da wuta har su bushe ƙarau, in ba haka ba sanyi ya kama musu ƙirji.

Tsefewar ce ta fi ba ni wuya. Na kafa mataji daga sama na ja, Basilia ta make mini hannu. "Daga baki ake farawa, tsoho! Riƙe gindin gashin da yatsu biyu kada ya ji zafi, ka bi a hankali kana hawa. Ba ka taɓa kallon matarka tana taje kai ba?" Na kalla mana, kullum safiya. Ashe fuskarki nake kallo, ba hannunki ba.

Farar cikinsu ta kuɓuce mini da jiƙaƙƙen jiki ta shige wani rami a bango bayan murhu. Da na zaƙulo ta sai ga ta naɗe da baƙin gashi mai tsawon hannuna. Naki ne. Na manta da al'adarki ta dunƙule abin da mataji ya kwaso ki cusa a tsagar bango, wai kakarki ta ce kada a zubar, don kada ranar tashin matattu mutum ya yi ta yawon neman gashinsa. Sau nawa na yi miki dariya a kan wannan? Basilia ta ga ina ta kallon gashin, ta ɗauki farar ta ƙarasa busar da ita ba ta tsokane ni ba. Kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki,
Nemesio

Ahuac, tsakiyar Yuli

Tsohuwata,

Da fatan kin tashi lafiya, ƙarfi yana dawowa. Ki gaida Delfina. Kafin ki buɗe ƙunshin da Hilario ya kawo, ki karanta wannan tukuna.

Na bi bangon madafi tsaga-tsaga da cokali, har bayan tulu da saman ƙofa. Na tara kwando guda, duk ƙaurin hayaƙi. Na wanke shi yadda na wanke yaranki, da ruwan ɗumi da kumfar saiwa, na busar a bakin murhu. Kowane dunƙule na warware shi daga baki ina hawa, ina riƙe da gindin da yatsu biyu, ko da yake ba mai jin zafin. Wanda na samu kusa da ƙofa baƙi ne wuluk, na lokacin da aka kawo ki gidan nan. Na wajen taga ya fara furfura, ina jin na shekarar da Delfina ta tafi birni ne. Ban raba su ba.

Basilia ta ce in kawo ta kitsa, na ƙi. Na ɗaure a ƙafar tebur na yi ta yi ina warwarewa har ya zama jela biyu, na ɗinke su a cikin malafarki ta biki, na sa tuntun ulun nan ja a ƙarshensu. Ba na aro ba ne, ba na kanti ba. Duk wadda ta tambaya ki ce naki ne, ba ki yi ƙarya ba.

Idan kina fushi na taɓa ajiyarki, ki duba ta nan: na rage miki wahalar nema ranar tashi, ga shi duk wuri ɗaya. Sai dai ba sauri muke ba.

Bikin Santiago ya ƙarato, za a ɗaura wa shanu kintinkiri a kunne. Ban taɓa riƙe saniya ba sai kina yi mata waƙa. Ki dawo gida, Eulalia. Ina kewarki, ba na jin kunyar rubutawa.

Nemesio

Ahuac, ana jibi biki

Eulalia,

Gaisuwa a gurguje, Hilario na danna ƙaho a bakin hanya. Na ga saƙonki, layi biyu cur bayan wata biyu: wai jelar hagu ta fi ta dama kauri, kitson ya yi sako-sako kamar igiyar mashayi, kuma kin tsinci farin gashin ɓera a ciki, dole ki zo da kanki ki nuna mini yadda ake yi. Na karanta wa Basilia, ta yi dariya har ta koma kuka, ta ce in gaya miki ita za ta tsaya a gefenki a dandali, mai magana ta fito.

Farar da 'yar'uwarta sun sha wanka, gashi na sheƙi har ƙasa. Mai Sanƙo ma nasa ya fara tsirowa, ya kai gaɓar yatsa, laushi kamar na jariri. Kullum sai na taje masa duk da ba abin tajewa, don hannuna ya saba kafin naki ya fito.

Zan tsaya a inda mota ke sauke mutane. A waje ki sa malafarki yadda kike so. In mun shiga gida kuwa ki cire ki sha iska, ba mai ganin ki sai ni da Mai Sanƙo, shi kuwa ba shi da bakin magana.

Mijinki mai jira a bakin hanya,
Nemesio