Jirgin da Baba Ya Mayar Gida

Damba, Gusau,
Jihar Zamfara.
22 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Yayana Tajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hanatu da yara. Allah Ya kawo ƙarshen karatun nan naka na Maleshiya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma surfe da kanta duk da likita ya hana ta, ka dai san Inna. Baba ma lafiyarsa ƙalau in ban da ciwon gwiwa. Gero ya shiga rumbu a Rawayya, dawa kuma ta kusa, bana kam damina ta yi mana halin girma. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Labarin nan ba na waya ba ne, don in na fara za ka katse ni sau goma kamar yadda ka saba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannu, zan ɗauki hotonsa in turo maka, ka karanta bakinka a rufe.

Ka tuna labarin jirgin masu neman damina da Baba ya riƙa ba mu muna yara? Ni dai duk tsawon rayuwata tatsuniya na ɗauke shi, ashe wasan telebijin ne na Turawa. A shekarar babban farin nan, kafin a haife mu, hukuma ta kawo wa Rawayya telebijin baƙi da fari a cikin akwatin katako mai kwaɗo, ana kunna ta da inji a ƙofar gidan mai gari. Duk ranar Laraba ake nuna wasan, kashi-kashi har goma sha uku. Da yake Baba ne malamin gona a lokacin, shi ne mai ɗan Turanci a garin, sai aka ɗora masa fassara. Yakan tsaya gefen akwatin, Turawa na magana yana mayarwa da Hausa. A bakinsa gari ya ji cewa mutanen jirgin manoma ne da ƙasarsu ta bushe, shugabansu Sarkin Noma ya ƙera jirgi suka shiga cikin taurari neman inda ruwan sama ya ɓuya, kuma a kashi na ƙarshe sun samo shi sun komo gida. Shekara kusan arba'in ke nan, amma har yau tsofaffin Rawayya da Tafinta suke kiran Baba, kuma in gardama ta kaure a majalisa shi ake juyowa a ce ya raba, don an san ba ya ƙari a magana.

To, makonni uku da suka wuce sai ga Lawwali ɗan Baffa, wanda ke da shagon tura fina-finai a waya kusa da tashar mota, ya shigo gidana yana washe baki da wani kwali a hannu. Ya ce wai masu wasan sun tono tsofaffin kaset-kaset ɗinsa a wani ɗakin ajiya, sun wanke hoton, sun fitar da shi a faifai don kallon gida, har da wasu kashi biyu da aka daɗe ana zaton sun ɓata. Masu fassarar Kano kuma ba su yi sanya ba, sun ɗora masa muryar Hausa. Ya ce da ya ga hoton jirgin a bayan kwalin, mai kama da faifan tuwo an kifa shi kan wani, nan take ya gane jirgin Baba ne. Yaya, ban iya barin kwalin nan ba. Na juya shi ya fi sau ashirin. Ashe Sarkin Noma yana da fuska! Wani dogon Bature ne mai sanƙo, ni kuwa tun ina yarinya da rawani nake ganinsa.

Kuskuren da muka yi shi ne Lawwali bai iya riƙe baki ba. Kafin kwana biyu labari ya kai kunnen Alhaji Yari, dillalin hatsin nan na kasuwar Tsafe, abokin Baba tun suna kiwon awaki. Ka san shi kaɗai ne ya shekara arba'in yana tsokanar Baba cewa ƙirƙira ya riƙa yi, wai ina Bature ina neman damina. Sai ya aiko a faɗa wa Lawwali lallai a kawo faifan Rawayya a kalla a gaban kowa, ya ce, “Bana ɗai asirin Tafinta ka tonuwa.” Da wasa ya faɗa, amma ni gabana ya faɗi. Mutumin da duk girmansa a gari ya tsaya kan cewa ba ya ƙari, idan muryar Kano ta saɓa da tasa a gaban sa'o'insa, da wane ido zai sake zama a majalisa? Na tambayi Baba ko in ce wa Lawwali faifan ya lalace. Ya ce a kawo, ramin ƙarya ƙurarre ne, na gaskiya kuwa ba ya tsoron fitila. Amma na lura bai kalle ni ba da yake faɗa.

Asabar da Lahadin da suka wuce aka yi kallon, da rana tsaka, don ka san yanzu ba mai son la'asar ta yi masa a kan hanya. Lawwali ya ɗauko telebijin ɗinsa daga Gusau aka kafa a zauren Baba. Tsofaffi goma sha ɗaya na ƙirga a kan tabarmi, mu mata kuma muna leƙe ta ƙofar cikin gida. Ranar farko dariya aka sha. Ashe mutanen ba manoma ba ne, masu auna taurari ne da aka aika su zana taswira, hanya ta ɓace musu. Abin da Baba ya ce na gwada damshin ƙasa ne, ashe na gwada guba ne a iska. Mutum-mutumin ƙarfen nan da muke kira Ɗan Gwangwani, wanda Baba ya ce shi ke riƙe musu iri, ashe likitan jirgin ne. Matar da aka ce mana ƙanwar Sarkin Noma ce kuwa, ita ce ma ke ba shi umarni, abin da ya sa Inna ta dafa ni tana dariya har da hawaye. Baba shi ma dariyar yake, yana cewa mai fassarar ɗan birni ne, bai san noma ba. Tsofaffi suka ce ai duk tafiya ɗaya ce, an ɓata ana neman hanya, ba a kama shi da laifi ba.

Ni kuwa ban da tsoron da ke raina, kallon ya cika ni da tambayoyi, kuma kai zan sauke wa su tunda kai ne mai ilimi. Da aka wanke hoton, har zaren da aka rataye jirgin da shi ana gani. To su Baba ba su gan shi ba ne a wancan lokacin, ko sun gani suka kau da kai don labarin ya fi zaren daɗi? Akwai kuma faifai guda na hira da 'yan wasan, sun tsufa tukuf, matar nan mai ba da umarni tana tafe da sanda. Ta ce a wani tsohon sito suka yi wasan, taurarin kuma ƙananan ƙwayayen fitila ne a jikin baƙin ƙyalle. Ina ta tunani, ko ta taɓa jin akwai wani gari Rawayya inda aka yi mata addu'ar samun ruwa? Kuma wai me ya sa mutanen da ruwa bai taɓa yanke musu ba suka zauna suka tsara labarin ɓata a sama? Idan ka san amsa ka rubuto mini, kada ka ce in duba waya.

Ranar Lahadi aka zo kashi na ƙarshe. Jirgin ya sauka a wata ƙasa kore shar, ruwa na zuba, mutanen suka fito suka rungume juna suna kuka. Daidai nan ne a wancan lokacin Baba ya ce wa gari sun iso gida, kukan murna suke. Sai ga muryar Kano tana cewa wannan baƙuwar ƙasa ce, sun sami labarin tasu ta ƙone tun da daɗewa, babu komawa har abada. Ba sau ɗaya aka faɗa ba, sau uku, yadda ko kurma zai ji. Wannan ba irin kuskuren Ɗan Gwangwani ba ne, an juya labarin ne gaba ɗaya. Alhaji Yari ya buga cinya ya ce ai ya faɗa, wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, “Turancin ne yak kasa ni, ku yi haƙuri.” Ya jawo takalmansa ya shige cikin gida ta gabanmu. Wallahi Yaya, ji na yi kamar ni aka tuɓe a kasuwa.

Ban koma Gusau ba ranar. Da safe na kai masa kunu na zauna, na ce ban yarda Turanci ne ya kasa shi ba, mutumin da ya karanta mana takardun makaranta duk ƙuruciyarmu ba zai kasa gane babu komawa ba. Ya ce na cika bincike kamar kaza. Daga baya dai ya faɗa mini. Ya ce a shekarar farin, samarin gari da yawa sun kora shanu sun yi kudu, cikinsu har da Shu'aibu, wan Alhaji Yari, wanda tun tafiyarsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsu ba ta taɓa fashin kallon ba. Duk Laraba in an tashi sai ta tare Baba ta tambaye shi ko yaran jirgin nan za su ga gida, shi kuwa ya san ba yaran jirgi take tambaya ba. Ranar ƙarshe tana zaune a gaba cikin mata, ta zuba masa ido ba telebijin ba. Ya ce ya ji abin da Baturen ya faɗa sarai, ya buɗe baki ya fassara, sai harshensa ya ƙi. Na ce to me ya hana shi faɗin haka jiya ya wanke kansa? Ya ce ba zai tono hawayen uwar mutum a gaban jama'a don ya tsira da suna ba, gara a ce bai iya Turanci ba. Ya kuma hana ni faɗa wa kowa a Rawayya. Kai dai ba a Rawayya kake ba.

Kwana huɗu Baba bai fita majalisa ba, daga masallaci sai gida. Inna ta ce ko rediyonsa bai kunna ba. Na rasa abin yi, alƙawari ya ɗaure ni, tausayi kuma ya hana ni sukuni. Shekaranjiya Juma'a na sake zuwa Rawayya, bayan an sauko ina tsakar gida ina tsince wake, sai na ji sallamar Alhaji Yari a zaure. Ba zan ɓoye maka ba, na matsa kusa da ƙofa. Babu tsokana ko ɗaya a muryarsa. Ya ce tun ranar Lahadi yake juya abin a ransa, don ya san Baba ya ji Turancin da ya fi wannan wuya, sai jiya ya tuna inda mahaifiyarsa take zama a wurin kallo. Ya tambayi Baba ko saboda ita ce ya juya labarin. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Sai Alhaji ya ce tun tafiyar Shu'aibu tsohuwar ba ta cin abincin kirki, sai dai a matsa mata, amma ranar da jirgin ya koma gida ta dawo tana fara'a, ta ce a dama mata fura, ta shanye ƙwarya guda. Ya ce shi ya kai mata da hannunsa, kuma shekara arba'in bai san wa zai gode wa ba. Daga nan muryarsa ta karye. Dattijo mai jikoki, Yaya, yana kuka a zaurenmu kamar yaro, Baba na cewa ya isa, ya isa. Da suka natsu, Alhaji ya miƙe ya ce ba zai koma majalisa shi kaɗai ba. Na leƙa na gan su sun fita tare, yana riƙe da hannun Baba saboda gwiwar.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka rage shan shayi ka ci abinci. Baba ya sa maka albarka, bai san na rubuta wannan ba, don haka ka san yadda za ka yi da bakinka in kun yi waya. Maigidana Muhammad Sani yana miƙo gaisuwa, haka ma Lawwali da Hussaina da mutanen Bilbis baki ɗaya. Ka gaishe mini da Anti Hanatu, ka shafa mini kan Salma da Umar. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Wasila Sama'ila Rawayya.